Aminin Sarki da Aka Sare a Cikin Coci

Wata rana da hunturu, sanyi na ratsa ƙashi, Sarkin Ingila Henry na Biyu da babban magatakardansa Thomas Becket suna tafe bisa dawakai a cikin Landan, sai suka hangi wani tsoho cikin tsumma yana rawar ɗari. Sarki ya tambayi abokin tafiyarsa ko ba zai zama babbar sadaka ba a ce an ba wannan bawan Allah mayafi mai kauri. Becket ya amsa da cewa ƙwarai kuwa. Sai sarki ya ce ai shi ne zai kwashi wannan lada, ya kai hannu ya cafki sabuwar jar alkyabbar da ke jikin Becket. Wannan ya ja, wancan ya riƙe, suka yi ta kokawa a kan sirdi har suka kusa faɗuwa, fadawa suka sheƙo a guje suna zaton wani abu ne ya faru. Daga ƙarshe Becket ya saki, tsoho ya tafi da alkyabba yana godiya, sarki kuwa sai ƙyaƙyata dariya yake yi. William FitzStephen, wanda ya yi aiki a gidan Becket ya kuma rubuta tarihinsa, shi ya adana wannan labari, don a san irin shaƙuwar da ke tsakanin mutanen nan biyu kafin maganar coci ta raba su.

Henry ya hau gadon sarauta a 1154 yana da shekara 21, bayan dogon yaƙin basasa tsakanin mahaifiyarsa Matilda da Sarki Stephen. Ba Ingila kaɗai yake mulki ba. Normandy da Anjou nasa ne ta gado, Aquitaine kuma ta wajen matarsa Eleanor, har ƙasar da yake riƙe da ita a Faransa ta fi wadda ke hannun sarkin Faransa kansa. Kakkauran mutum ne mai jan gashi, ba ya iya zama wuri ɗaya, bai damu da ado ba, in kuwa ya fusata har birgima yake yi yana tauna ciyawar katifa. Becket ya girme shi da wajen shekara 13. Ɗan wani ɗan kasuwa ne a Landan, ba shi da jinin sarauta ko kaɗan. Ya taso a gidan Theobald, Akbishop na Canterbury, wato shugaban cocin Ingila, wanda ya tura shi karatun shari'a a Bologna da Auxerre, daga baya ya miƙa shi ga sabon sarki. A farkon 1155 aka damƙa masa hatimin sarauta.

Kada mai karatu ya yi mamakin yadda yaron limami ya zama magatakardan fada. A Turai ta wancan zamani, duk mai neman wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi sai ya nufi coci, domin makarantun nasa ne, harshen Latin da ake rubuta wasiƙu da dokoki da shi kuma a bakin mutanensa yake. Ƙidayar filaye da aka yi a 1086 ta nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Ingila na hannun bishop-bishop da gidajen ruhubanawa. Kowane manomi na fitar da ɗaya bisa goma na amfanin gonarsa ya kai wa coci. Bishop kuwa hakimi ne sosai, mai ƙasa da talakawa, yana zama a majalisar sarki, in yaƙi ya tashi ya aika da mayaƙa. Kujerar Canterbury kaɗai barade 60 ke kanta. Sannan coci na da kotunansa daban, tun da William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ya raba su da kotunan gundumomi. Su ke sauraron maganar aure da wasiyya da karya rantsuwa, da ƙararrakin da suka shafi ma'aikatan coci, kuma daga nan ana iya ɗaukaka ƙara har gaban Fafaroma, inda hannun sarki ba ya kaiwa. Hukuma biyu ke nan a ƙasa ɗaya, kowace da alƙalanta da harajinta, kuma sau da yawa mutanen da ke juya wannan su ne ke juya waccan. Kowane sarkin Turai ya san abin da ya samu Henry na Huɗu na Jamus a 1077, lokacin da ya tsaya kwana uku cikin ƙanƙara a ƙofar Canossa yana neman Fafaroma Gregory na Bakwai ya yafe masa.

Shekara bakwai Becket ya yi yana riƙe da hatimi, kuma babu wanda ya ga alamar waliyyi a tare da shi. Gidansa ya fi fada cika. Kullum sai an shimfiɗa sabuwar ciyawa a daɓen zaurensa, don baraden da ba su samu wurin zama ba su zauna a ƙasa ba tare da tufafinsu sun ɓaci ba. Sarki kan shigo har cikin zauren bisa doki, ya tsallake tebur ya zauna a ci abinci da shi. Da aka aike shi Paris a 1158 neman auren 'yar sarkin Faransa ga ɗan Henry, sai ya tafi da mahaya sama da 200, da manyan kekuna takwas kowanne dawaki biyar na jansa, da tufafin canji kala 24, da dawakan kaya kowanne da biri zaune a bayansa. Faransawa suka riƙa tambayar junansu, in magatakarda haka yake, to shi sarkin fa? A shekarar da ta biyo ya jagoranci ɗaruruwan barade zuwa yaƙin Toulouse, kuma wajen tara kuɗin yaƙin bai raga wa coci ba, ya tatse shi yadda ya kamata.

Saboda haka da Theobald ya rasu a 1161, lissafin Henry mai sauƙi ne. In amininsa ya haɗa hatimin fada da sandar Canterbury, hukumomin nan biyu sun dawo hannu ɗaya. An ruwaito cewa Becket ya gargaɗe shi cewa in aka yi haka ƙaunar da ke tsakaninsu za ta koma gaba, mahaifiyar sarki ma ba ta so abin ba. Henry bai saurara ba. Ranar 2 ga Yuni 1162 aka mai da Becket firist, domin har lokacin bai kai wannan matsayi ba, kashegari aka naɗa shi Akbishop. Gilbert Foliot, malamin da mutane da yawa ke ganin shi ya fi cancantar kujerar, ya yi ba'a cewa sarki ya nuna mu'ujiza, ya mai da soja limami a kwana guda.

Ba a jima ba Becket ya mayar wa sarki da hatiminsa, ya ce ba zai iya haɗa ayyukan biyu ba. Ya shiga wanke ƙafafun matalauta da asuba, ya ninka sadakar da magabacinsa ke bayarwa, ya fara ƙwato duk wata gona da yake ganin ta Canterbury ce daga hannun manyan hakimai. Masana sun daɗe suna gardama kan ko tuba ce ta gaskiya ko wasan kwaikwayo. Ni dai a ganina mutumin bai canza ba. Irin mutanen nan ne da in suka kama aiki sai sun wuce kowa, ko da kuwa za a yi ɓarna. Da yana yaron sarki ya fi sarki son haƙƙin sarki, da ya koma yaron coci sai ya fi Fafaroma zafi. Henry ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne maganar ma'aikatan coci masu aikata manyan laifuka. A lokacin ba sai mutum ya zama firist ba kafin a lissafa shi cikin mutanen coci. Da zarar an aske masa tsakar kai an ba shi ƙaramin muƙami, ya shiga, ko da yana da mata yana kasuwancinsa. Irin wannan mutum in ya yi kisa ko fashi, kotun bishop ce ke yi masa shari'a, ita kuwa ba ta zubar da jini. Iyakarta ta tuɓe shi, ko ta ci shi tara, ko ta sa shi azumi, ko ta tsare shi. Talaka da ya yi laifi iri ɗaya a kotun sarki rataya ce ke jiransa, ko yanke hannu ko ƙafa. An gaya wa Henry cewa tun hawansa mutanen coci sun yi kisan kai sama da ɗari. Aka kuma samu wani Philip de Broi na Bedford da aka zarga da kashe wani barde, kotun coci ta wanke shi, da alƙalin sarki ya nemi sake buɗe maganar sai ya zazzage shi a bainar jama'a. Abin da Henry ya nema, in aka duba da idon basira, bai wuce hankali ba: coci ya yi shari'arsa, in laifi ya tabbata ya tuɓe mutum, sannan ya miƙa shi ga dogaran sarki a hukunta shi kamar kowa. Becket ya ce faufau, tuɓewa kanta hukunci ce, kuma Allah ba ya hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya.

A Janairun 1164 sarki ya tara manyan ƙasa a Clarendon ya sa aka rubuta abin da ya kira al'adun kakansa, sharuɗɗa 16. Ban da batun masu laifi, akwai cewa bishop ba zai bar ƙasa ba sai da izinin sarki, ba za a kori wani babban hakimi ko ma'aikacin fada daga coci ba sai sarki ya sani, ba za a kai ƙara Roma ba sai ya yarda, kuɗin shigar duk kujerar bishop da babu kowa a kanta kuma na baitulmalinsa ne. Har da cewa ɗan talakan da ke ɗaure da gonar ubangidansa ba zai shiga aikin coci ba sai ubangidan ya amince, wanda ya nuna cewa coci ne kusan ƙofa ɗaya tilo da ɗan talaka ke bi ya zama wani abu. Bishop-bishop suka dake, sai ga shi Becket ne da kansa ya karaya, ya amsa da baki, ya umarce su su ma su amsa. Da aka kawo takarda kuma ya ƙi buga hatiminsa, ya koma gida yana nadama. Da wannan ya rasa sarki, ya kuma rasa amincewar 'yan'uwansa limamai, waɗanda suka ga ya kai su ya baro.

Daga nan Henry ya daina maganar doka, ya koma neman karya mutum. A Oktoban shekarar ya gurfanar da shi a Northampton kan raina kotun sarki, sannan ya ce ya kawo lissafin duk kuɗin da suka bi ta hannunsa lokacin yana magatakarda, dukiyar da kowa ya san ba zai iya biya ba. A ranar ƙarshe Becket ya karɓi babban gicciyen da ake ɗauka a gabansa ya riƙe da hannunsa, ya shiga zauren da shi, ya ce hakimai ba su isa su yanke wa ubansu na addini hukunci ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Fafaroma. Ya fita ana yi masa ihun maci amana. Cikin dare, ana ruwa, ya sulale daga garin cikin shigar ruhubanawa, ya yi ta ɓuya har ranar 2 ga Nuwamba da ya haye teku cikin ƙaramin jirgin ruwa.

Shekara shida ya yi yana gudun hijira a Faransa, farko a gidan ruhubanawa na Pontigny, daga baya a Sens. Henry ya ƙwace dukiyar Canterbury, ya kori dangin Becket da mutanen gidansa daga ƙasar a tsakiyar hunturu, har da mata da jarirai. Becket kuma ya riƙa jefo takardun kora daga coci kan fadawan sarki. Wannan kora ba ƙaramin abu ba ce: wanda aka kora ba a cin abinci da shi, ba a karɓar rantsuwarsa, in ya mutu a haka ba a binne shi a maƙabartar coci. Fafaroma Alexander na Uku ya yi tir da mafi yawan sharuɗɗan Clarendon, amma shi ma a takure yake, domin Sarkin Jamus Frederick Barbarossa na goyon bayan wani Fafaroma na daban, don haka ba ya son ɓata da Henry. Aka yi ta zaman sulhu yana watsewa. A Montmirail a 1169 Becket ya durƙusa ya miƙa wuya, amma ya ƙara da sharaɗin cewa sai dai abin da ya taɓa girman Allah, taro ya tashi baram-baram. A wani zaman kuma an daidaita komai, sai sarki ya ƙi yi masa sumbar sulhu da aka saba rufe yarjejeniya da ita.

A watan Yunin 1170 Henry ya sa aka naɗa babban ɗansa sarki tun yana raye, kuma Akbishop na York ne ya ɗora masa kambi, alhali naɗin sarkin Ingila haƙƙin Canterbury ne. Wannan ya harzuƙa har Fafaroma, ana batun rufe coci-coci a ƙasashen Henry, sai ya yi maza ya nemi sulhu. Suka haɗu a Fréteval ranar 22 ga Yuli, suka yi doguwar hira bisa dawakai su biyu, aka ce an shirya. Ba a taɓo Clarendon ba, ba a kuma yi sumbar nan ba. Kafin Becket ya hau jirgi sai ya aika da takardun Fafaroma da suka dakatar da Akbishop na York, suka kori bishop na Landan, wato Foliot, da na Salisbury daga coci. Ya sauka a Sandwich ranar 1 ga Disamba, talakawa suka yi dafifi suna tarbarsa har Canterbury. Manya kuwa suka juya masa baya. Iyalan de Broc da suka ci moriyar gonakinsa shekara shida suka tare jirgin da ya ɗauko masa kaya, suka yanke wa dokinsa wutsiya don cin fuska. Ranar Kirsimeti ya hau mumbari ya kore su daga coci su ma.

Limaman nan uku suka haye zuwa Normandy suka kai kuka wurin sarki a Bures. Henry ya hau dokin zuciya, ya shiga faɗa yana cewa ya ciyar da ragwaye marasa amana a gidansa, suna kallo wani ƙasƙantaccen malami na wulaƙanta ubangidansu. Barade huɗu suka ji, suka saci jiki ba sallama: Reginald FitzUrse, William de Tracy, Hugh de Morville da Richard le Breton. Suka kwana a gidan de Broc da ke Saltwood, ranar Talata 29 ga Disamba 1170 da la'asar suka iso Canterbury.

Sun same shi a ɗakinsa bayan an gama cin abinci, suka zauna a ƙasa gabansa ba gaisuwar kirki. Suka ce ya janye hukuncin da ke kan bishop-bishop. Ya ce hukuncin na Fafaroma ne. Murya ta tashi, suka fita tsakar gida suka sa sulke a gindin wata bishiya, barori suka rufe ƙofar zaure, sai wani ɗan gidan de Broc da ya san lungunan gidan ya zagaya da su ta baya suka fasa taga da gatari. Ruhubanawa suka ja Becket, yana turjewa, suka shigar da shi babban coci inda aka fara addu'ar yamma. Da suka tashi sa sakata sai ya hana su, ya ce ɗakin Allah ba ganuwar yaƙi ba ce, a buɗe. Duhu ya fara shiga, ga ɗakin ƙasa ga matakalar sama, da ya so ɓuya da ba su gan shi ba a wannan dare. Kusan duk waɗanda ke tare da shi suka watse. Baraden suka shigo da takubba tsirara suna tambayar ina maci amanar sarki. Ya sauko daga matakala ya ce ga shi nan, shi firist ne, ba maci amana ba.

Alamu sun nuna da farko kama shi suka so yi, domin sun yi ƙoƙarin ɗora shi a kafaɗar Tracy su fitar da shi waje. Amma Becket ƙaƙƙarfa ne, ya riƙe ginshiƙi, ya hankaɗe FitzUrse ya kira shi kawali. Nan aka ɗaga takobi. Wani baƙon malami daga Cambridge mai suna Edward Grim ya tare da hannunsa, saran ya kusa guntule hannun, ya kuma samu Becket a ka. A sara na uku ya durƙushe, yana faɗa a hankali cewa ya shirya mutuwa saboda Yesu da kare coci. Le Breton ya kai masa saran da ya fille saman ƙoƙon kansa, takobin ya daki daɓen dutse ya karye. De Morville na tsaye yana tare jama'a. Sannan wani Hugh na Horsea, wanda shi kansa ma'aikacin coci ne da ya rako su, ya taka wuyan gawar ya watsa ƙwaƙwalwar a ƙasa da tsinin takobi, ya ce su tafi, wannan ba zai ƙara tashi ba. Suka wawashe gidansa suka hau dawakai. Grim ya rayu, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta abin da ya faru.

Ruhubanawan Canterbury ba su taɓa ƙaunar Becket sosai ba, suna yi masa kallon ɗan fada da aka ƙaƙaba musu. Da suka zo tuɓe gawar sai suka tarar a ƙarƙashin tufafinsa yana sanye da riga da wando na gashin akuya mai kaushi, ƙwarƙwata ta cika su maƙil. Nan take ra'ayinsu ya juya. Mutanen gari kuwa tun a daren suka riƙa tsoma ƙyallaye cikin jinin. Ba a daɗe ba aka fara ba da labarin makafi da guragu da suka warke, ruhubanawa biyu suka zauna suna rubutawa har suka tara labarai wajen 700. Aka riƙa sayar wa masu ziyara ruwan da aka ce an ɗiga jininsa a ciki, cikin 'yan kwalaben dalma da ake ratayawa a wuya. Ranar 21 ga Fabrairu 1173 Fafaroma ya ayyana shi waliyyi, shekara biyu da 'yan watanni kacal bayan kisan.

Henry da ya ji labari ya kulle kansa kwana uku ba ci ba sha. Sai ya wuce Ireland da yaƙi har ƙura ta lafa. A Mayun 1172 a Avranches ya rantse gaban wakilan Fafaroma cewa bai yi umarni da kisan ba, bai kuma so shi ba, amma ya yarda maganarsa ce sila. Ya ɗauki alkawarin barin ƙararraki su tafi Roma, da mayar da dukiyar Canterbury, da ɗaukar nauyin barade 200 na shekara guda a Ƙudus, a daidai lokacin da Salahuddin ke ƙarfafa mulkinsa a Masar. Su kuwa makasan, babu kotun sarki da ta taɓa su. Bisa tsarin da Becket ya mutu yana karewa, kisan malamin coci magana ce ta coci, coci kuwa ba ya rataye kowa. Suka yi zamansu a Knaresborough wajen shekara guda, daga baya Fafaroma ya tura su Ƙasa Mai Tsarki yin kaffara.

A 1173 'ya'yan Henry da matarsa suka yi masa tawaye, sarakunan Faransa da Sikotlan suka mara musu baya, jama'a na cewa alhakin waliyyi ne. Ranar 12 ga Yuli 1174 sarkin ya shiga Canterbury ba takalmi, ƙafafunsa na jini, ya durƙusa a kabarin, ya tuɓe mayafinsa. Kowane bishop ya yi masa bulala biyar, ruhubanawa wajen 80 kowanne uku, ya kwana a wurin kan daɓe. Kashegari aka kama Sarkin Sikotlan William a Alnwick, tawayen ya fara rushewa. Ko tsoron Allah ne ya kai shi ko dabara, Henry ya ƙwace waliyyin daga hannun maƙiyansa ya mai da shi nasa. Kuma kada bulalar ta rufe mana ido. A zaɓen bishop-bishop na 1173 mutanensa ne suka hau kujeru, ciki har da Richard na Ilchester a Winchester da Geoffrey Ridel a Ely, waɗanda dukansu Becket ya taɓa kora daga coci. Ikon zaɓar wanda zai zama bishop, wanda shi ne ƙashin bayan komai, bai bar hannun sarki ba.

Kabarin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren ziyara na Turai. Sarkin Faransa Louis na Bakwai ya zo da kansa a 1179, a 1220 aka mayar da ƙasusuwan cikin wani hubbare da aka lulluɓe da zinariya da duwatsu masu daraja, kuma matafiyan da marubuci Chaucer ya gina shahararren littafinsa a kansu can suka nufa. Haka aka yi ta yi har 1538, lokacin da wani Henry, na Takwas, wanda ya raba cocin Ingila da Roma ya naɗa kansa shugabansa, ya sa aka rushe hubbaren aka kwashe dukiyar zuwa baitulmali, ya yi shela cewa Becket ɗan tawaye ne, a kankare sunansa daga littattafan addu'a.

Abu ɗaya da Becket ya ci riba a kai babu gardama shi ne wanda ya fi wuyar karewa. A 1176 Henry na Biyu ya amince ba za a hukunta ma'aikacin coci a kotun sarki kan babban laifi ba, sai dai in ya shafi dazuzzukan farautar sarki. Da tafiya ta yi nisa sai hujjar zama mutumin coci ta koma iya karatu kawai: a miƙa wa wanda ake tuhuma littafi, yawanci farkon Zabura ta 51, in ya karanta ya tsira daga igiya. Ɓarayin da ba su san ko harafi ɗaya ba suka riƙa haddace wurin. Aka zo aka fara yi wa wanda ya ci wannan gata lalas a babban yatsa don kada ya sake nema. Da shi marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson ya kuɓuta a 1598 bayan ya kashe wani ɗan wasa, da shi kuma sojojin Ingila biyu suka tsira daga rataya bayan harbin da aka yi a Boston ta Amurka a 1770. Majalisar dokokin Birtaniya ba ta soke wannan gata ba sai a 1827, shekara 657 bayan kisan Becket.